Murya: amsa kan littafin tarihin wasanni

Salamu alaikum 'yan gurup, ina wuninku, ya zafi. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce ya kamata duk wasan da ya yi sassa da yawa, kamfanin da ya ƙera shi ya fitar da littafi guda na hukuma, a tattara tarihin duniyar wasan, wane ɗan wane, me ya riga me, don a daina musu. Yayanmu kuma ya amsa maka da cewa ɓarnar kuɗi ce, tunda komai na intanet. To ga nawa, ku yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Ni dai a yi littafin, ina bayan wannan. Dalilina yadda muke haɗuwa da wasannin nan ne a Maradi. Ba daga farko muke kamawa ba. Ka shiga gidan Play, abin da mai gida ya sa a inji shi za ka buga, ko na uku ne ko na bakwai. Kuma lokaci ka biya, agogo na tafiya, ga fargabar ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Da an zo wurin da wasan ke ba da labari, sai na bayanka ya ce danna ka wuce, muna jira. In ma ka tsaya, maganar da Turanci take, in ka yi sa'a da Faransanci. Shi ya sa za ka samu yaro ya ƙware a God of War, ya san duk dukan Kratos, jarumin wasan, amma ka tambaye shi me ya sa jikin mutumin ya yi fari haka, bai sani ba. Alhali tun wasan farko na 2005 aka faɗa: tokar matarsa da 'yarsa ce, da ya kashe da hannunsa bayan Ares, gunkin yaƙi na Girkawa, ya yaudare shi, aka yi masa baki ta manne a fatarsa. Wanda ya san wannan, in ya zo na 2018 ya ga Kratos da ɗansa Atreus, yana ta danne fushi yana tsoron taɓa yaron, wallahi wani wasa daban yake bugawa.

Haka Mortal Kombat, wanda kowa a nan ya taɓa. Mutum nawa suka san Sub-Zero biyu ne? Na wasan farko, 1992, Bi-Han ne, Scorpion ya kashe shi, daga baya ya dawo a matsayin Noob Saibot. Wanda aka ci gaba da bugawa ƙanensa ne, Kuai Liang. Abu ne da shafi guda zai warware.

Yaya, maganar intanet kuma, da girmamawa, ban yarda gaba ɗaya ba. Shafukan da masoya ke rubutawa suna da amfani sosai, amma sau da yawa abin da wasan ya faɗa da abin da wani ya hasaso a cakuɗe suke, sabon shiga ba zai rabe ba. Bidiyon YouTube kuwa awa guda ne ko fiye, ka san abin da yake yi wa megas ɗin mutum.

Amma ƙanena, inda muka rabu da kai shi ne wannan "don a daina musu". Littafi ba ya kashe musu, kuma an gwada an gani.

Ɗauki Zelda. Na farko ya fito a 1986. Shekara ashirin da biyar masoya na jayayya kan wane wasa ya riga wane. A ƙarshen 2011 Nintendo ta fitar da Hyrule Historia a Japan, na Turanci ya biyo a 2013. Littafin ya ce wasan Skyward Sword ne farkon labari, sannan bayan Ocarina of Time na 1998 tarihi ya tsage uku: reshe ɗaya inda jarumin ya koma yarinta, ɗaya inda duniya ta ci gaba ba shi, ɗaya kuma inda aka ci shi da yaƙi. Biyun farko mutane sun riga sun gano. Na ukun ne ya girgiza kowa, don a can aka jefa tsoffin wasannin har da na 1986, kuma da yawa suka ga kamar an buɗe shi ne don a samu wurin ajiye abin da ya ƙi shiga. Sai 2017 Breath of the Wild ya fito da alamu daga rassan duka, kamfanin kuma bai sa shi a reshe ko ɗaya ba. Musun ya dawo sabo.

World of Warcraft ma haka. Kamfanin Blizzard ya fara fitar da littafin Chronicle a 2016, mutane suka saye shi a matsayin magana ta ƙarshe kan yadda aka halicci duniyar wasan. Da labari ya matsa zuwa Shadowlands na 2020, aka kawo abubuwan da ba su zauna daidai da littafin ba, sai aka ce ai Chronicle mahangar Titans ce, wato manyan halittun da suka tsara duniyar wasan, ba duk gaskiya ba. Wanda ya kashe kuɗinsa dole ya ji ciwo. Mortal Kombat kuwa, an sake lalen labarin a 2011, an ƙara sakewa a 2023, har Kuai Liang ɗin da na ambata ya koma Scorpion.

Kuma ba mugunta ba ce. Masu ƙera wasa, yadda za a buga suke fara tsarawa, labari ya biyo baya, mutanen Nintendo sun sha faɗin haka da bakinsu. Ga shi cikin shekara talatin marubuta na tafiya, wasu na zuwa. In ka ɗaure su da littafi, ko dai su karya littafin, ko su yi wasa maras daɗi don kiyaye shi. Ni na fi son su karya.

To mece ce mafita? A rubuta littafin a matsayin ruwaya, kar a rubuta shi a matsayin hukuncin alƙali. Mu nan mun fi kowa sanin wannan. Labarin yadda sarakunan Katsina suka bar birnin a farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi, ka ji shi daga bakin makaɗan fada a nan, sannan ka tsallaka iyaka ka ji shi a Katsina. Abu ɗaya ne ya faru, amma kowane gida da inda yake tsayawa da wanda yake kira gwarzo. Mai hankali ya saurari duka biyun, kuma saboda ya san wa ke magana ne yake amfana.

Akwai wasan da ya kama wannan hanya tun tuni, The Elder Scrolls. A cikin Skyrim na 2011 za ka ɗauki littafi a kan kanta ka karanta, da sunan marubucinsa na cikin duniyar, da son ransa. Wani ya ce Talos abin bauta ne, wani ya ce mutum ne kawai, kuma wannan saɓanin yana cikin tushen yaƙin basasar da ke wasan. In sabon wasa ya saɓa wa wani littafi, ba a karya alkawari ba, mai ruwaya ne ya kuskure ko ya ɓoye.

Wasu wasannin ma bai kamata a taɓa su ba sam. Dark Souls da Elden Ring, daraktansu Hidetaka Miyazaki da gangan ya warwatsa labarin cikin bayanin takubba da zobba da 'yan kalmomin mutanen da kake haɗuwa da su. Marubuci George R. R. Martin ya rubuta tushen tarihin Elden Ring, amma da wasan ya fito a 2022 gutsattsari aka ba mu. Haɗa su shi ne rabin daɗin. Ranar da aka buga littafi aka ce ga ainihin abin da ya sa sarauniya Marika ta fasa zoben da aka sa wa Elden Ring sunansa, an ƙwace wa mai wasa aikinsa.

Saboda haka abin da nake so a gani: littafin ya faɗi shekarar da ya tsaya, kowace magana a nuna daga wane wasa ta fito, inda ba a yanke ba a bar shi buɗe. Sannan a tuna da irinmu. Waɗannan littattafai manya ne masu kaurin bango, kafin ɗaya ya iso Maradi kuɗin aiko ma ya ishe ka. A sa shi cikin wasan kansa, kamar yadda Assassin's Creed ke yi da kundin bayanin mutane da wurare, ko a fitar da wanda za a sauke a waya sau ɗaya a karanta ba konekisiyo, da Faransanci aƙalla.

Yaya, in kana da wasan da kake ganin littafinsa ya tsaya daram ba a taɓa saɓa masa ba, kawo shi mu duba tare. Na gode, sai na ji ku.