Tambaya da Amsa: Na gyara matsala, sai wata ta ɓullo

Tambaya: Ni injiniya ne. Na saba idan inji ya tsaya in gano abin da ya lalace in canza shi. Yanzu an ba ni shugabancin ma'aikata 40. Na sa tara a kan masu makara, makarar ta ragu, amma masu neman izinin rashin lafiya suka ƙaru. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, kuskuren yana wajen ɗaukar mutane tamkar inji. Inji, komai yawan sassansa, ba ruwansa da mai gyaransa. Mutane kuwa suna duba dokar da ka kafa, su yi lissafi, su sauya hali. Wanda ya ga zai makara da minti goma, yanzu gara masa ya ce ba shi da lafiya. Ka ga ka yi gudun asarar minti goma, ka faɗa asarar wuni guda.

An taɓa gwada irin wannan a gidajen renon yara goma a birnin Haifa na ƙasar Isra'ila, aka wallafa sakamakon a 2000. Masu binciken, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun ga cewa da aka sa tara a kan iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, makarar ƙaruwa ta yi. A da kunya ce ke hana su makara, sai tarar ta zama kamar kuɗin sayen lokaci. Abin da ya fi ban takaici, da aka cire tarar ma, halin bai koma yadda yake a da ba.

Tun a 1973 wasu masana, Horst Rittel da Melvin Webber, suka nuna cewa akwai matsalolin da ba a ma yarda a kan mece ce ainihin matsalar ba, kuma duk gwajin da aka yi yana barin tabo. Taka tana cikinsu. Makara alama ce: tana iya fitowa daga sufuri, ko jadawalin aiki, ko ɓacin rai da ba a furta ba.

Ga abin da za ka yi. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki makonni huɗu kana rubuta wa ya makara, wace rana, da minti nawa. Sau da yawa za ka tarar 'yan kaɗan ne ke maimaitawa, sai ka zauna da kowannensu shi kaɗai. Bayan haka ka gwada sauyi ɗaya tak, a sashe ɗaya, na wata guda, misali sassauta lokacin shigowa da rabin awa. Idan ka canza abu uku a lokaci ɗaya, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kuma kada ka auna makara kaɗai. Ka haɗa da fashin aiki da yawan aikin da aka kammala, domin a nan ɓarnar ke ɓuya.

Tambaya: To a daina neman mafita ke nan?

Amsa: A'a. Akwai matsalolin da gyaransu irin na inji ne. Misali, idan na'urar ɗaukar sunan masu shigowa ce ke kuskuren lokaci, a kira mai gyara yau.