Kada hannun dama ya tsaya

Ɗana, jiya muna tattara kaya bayan bikin nan na Tudun Wada ka ce da ni: "Maigida, wata uku ke nan ina riƙe da jita, kamu biyar kacal na iya, kuma duk sa'ad da zan sauya sai kiɗan ya yanke. Anya ina ci gaba kuwa?" Hayaniya ta hana ni ba ka amsa, to ga ta yanzu.

Kana ci gaba. Buɗe hannun hagunka ka dubi kan yatsunka. Ranar da ka fara zuwa, ko minti goma ba ka yi ba tsirkiya ta shata maka layi a fata, kana ta hura yatsu kamar wanda ya taɓa garwashi. Yau kanta ta fito, kana awa guda ba ka ko yamutsa fuska. Wannan kantar kada ka ɓamɓare ta, kuma kada ka ɗauki jita hannunka na jiƙe bayan wanki, fatar ta yi laushi, za ta tsage.

Abin da ke damuna dai shi ne yadda kake auna kanka da yawan kamu, wato tsarin da yatsun hagu ke danne tsirkiyoyi da shi don fitar da sauti. Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya tak ce a kuntiginsa, da ita ya riƙe kunnen jama'a shekara da shekaru har ya rasu a 2015. Kai kana da shida. Kamun nan biyar, Em, Am, C, G da D, da ka iya sun ishe ka waƙoƙi masu yawan gaske. Matsalarka tana hannun dama. Na lura da kai sarai: da zarar hagu ta tashi neman wuri, sai dama ta tsaya cak tana jiran ta. Nan kiɗan yake mutuwa. Mai rawa zai yafe maka tsirkiyar da ta yi gardama, amma in ka sa ƙafarsa ta rataye a sama ba bugun da za ta sauka a kai, ba zai sake waiwayarka ba.

Saboda haka ka rage gudu, ka rage sosai, har ka ji kamar abin ya yi sanyi da yawa. Ƙafa tana buga ƙasa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, dama tana sauka tana tashi ba fashi. In hagu ba ta iso ba, ka kaɗa tsirkiyoyin a sake ka wuce, za ta tarar da kai. A bugu na huɗu za ka fara ɗaga yatsu, domin na ɗaya ya same ka a sabon kamu.

Ka fara da Am zuwa C, don yatsa ɗaya ne kawai ke tafiya, wanda ke bin ƙarami. Manuniya da na tsakiya suna nan inda suke, kada ka ɗaga su. Ka sa agogon waya minti ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka sauya da tsabta, ka rubuta a bayan littafinka da kwanan wata. Bayan mako biyu ka sake dubawa, lambar za ta ba ka amsar tambayar da ka yi mini. Minti 20 kullum bayan la'asar ya fi maka awa uku ranar Lahadi kaɗai.

Zizar nan da kake ji a C kuwa, ba rashin ƙarfi ba ne. Kana danna tsakiyar gida ne, wato filin da ke tsakanin ƙarafa biyu na jikin wuyan jitar. Matsar da yatsa dab da bayan ƙarfen, ka danna da kan yatsa a tsaye, ka yanke farce. Babban yatsa ya koma bayan wuyan jitar, ka daina shaƙe ta kamar ƙotar fartanya.

Wani laifin ma ba naka ba ne. Na ɗauki jitarka shekaranjiya, tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya ƙwarai. A ƙarfe na 12 bai kamata tazarar ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, taka ta haura haka, shi ya sa kake gajiya da wuri. Ga hunturu ya kawo jiki, kuma ka san iskar Zariya. Itace yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana karce hannu, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. Na taɓa rasa wata haka, na jingine ta kusa da taga dare biyu, har yau ina jin zafin abin. Ka riƙa mayar da ita jaka, ka sa ɗan soso mai danshi cikin roba mai huji a ciki, kada ruwa ya taɓa itacen. Kuma kafin ka kaɗa komai ka saita ta, E, A, D, G, B, E, daga mai kauri zuwa siririya, don kada kunnenka ya saba da karkataccen sauti.

F ɗin da kake ɗoki, wanda manuniya ke kwanciya a kan tsirkiya shida, bar shi tukuna. Ranar Asabar ka zo shago a Sabon Gari da jitar, in goge mata ɗan ƙashin nan na ƙasa tsirkiyoyin su sauko, sannan ka kaɗa mini Am da C minti biyu ba tsayawa, ni zan riƙe maka bugu da tafi.