Kada ka sa gurbin kalmar sirri

Malam, kana tambaya ko fom ɗin neman asusu a sabarku ta Linux zai karɓi kalmar sirri. A'a, kada ka sa. Suna, imel, dalilin nema da ranar rufe asusun sun wadatar, sai gurbin makullin SSH na fili, wanda fayil ɗinsa ke ƙarewa da .pub. SSH hanya ce ta shiga sabar daga nesa da makulli biyu maimakon kalmar sirri: na fili da ake bayarwa, da na sirri da mai shi ke ɓoyewa.

Amma fa fom ɗin ya riƙa duba farkon rubutun makullin, ya ga ssh-ed25519 ko ssh-rsa. Da na haɗa wa wata makaranta irinsa nan Katsina, wani ɗalibi ya manno makullinsa na sirri ɗungurungum, har da layin BEGIN da makullin sirri ke farawa da shi. Dole ya ƙirƙiri sabo, tunda tsohon ya riga ya faɗa imel ɗin mutum uku.