Windows, Linux ko Mac: wacce zan ɗora wa tsohuwar kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Zariya. Yawanci aikin kammala karatun ɗalibai nake bugawa, wani lokacin kuma in tsara katin gayyatar biki da CorelDRAW. Kwamfutata HP ce, ta hannu na saya, Core i5 zubi na shida, RAM 4GB, da Windows 10 a kanta. Kwanan nan ta tsiri sandarewa ina tsakiyar aiki, ga shi kuma tana nuna min wai ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Wani abokina ya ce in koma Linux, ita ba ta sandarewa. Wani kuma ya ce in tara kuɗi in sayi MacBook in huta. Wacce ta fi ƙarko, kuma wacce ta fi sauƙin ɗorawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Kafin a kai ga zaɓi, ni ban yarda laifin Windows ba ne kwamfutarka ke sandarewa. Da yawan irin waɗannan na hannu da tsohon faifan ajiya mai juyawa suke zuwa. Kara kunnenka a jikinta, in ka ji ƙas-ƙas, ko ka ga fitilar faifan a kunne ba ta ƙiftawa daidai lokacin da ta cije, to ga mai laifin nan. Haɗa shi da RAM 4GB, da ƙurar hunturu da ta toshe fanka, da manhajojin sata da masu gyara ke lodawa kyauta, ko wace babbar manhaja ka ɗora sai ta yi nishi. Ka sa mata SSD, wato faifan ajiya mara juyawa mai sauri, ka kai RAM 8GB, a hure ƙurar. Kuɗin bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba, kuma rabin kukanka zai ƙare a nan.

Saƙon da take nuna maka kuwa gaskiya ne. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, sai dai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adin tsaro, shi ma na masu amfanin gida shekara ɗaya aka yanka masa. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma duk ɓarakar tsaro da aka gano bayan nan ba mai toshe maka ita. Windows 11 kuma tana neman abin da ake kira TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro a cikin na'urar, da injin Intel zubi na takwas zuwa sama. Taka ta shida ce, shi ya sa aka rufe mata ƙofa. Akwai masu tsallake shingen da Rufus, wato 'yar manhajar da ake zuba Windows ko Linux a filas da ita, Windows 11 ɗin kuma tana ɗoruwa, sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta yi wa irin waɗannan alkawarin sabuntawa ba. Ni ba zan jingina abincina da irin wannan ba.

Abokinka na Linux ya ɗan zuzuta, amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, iri-iri ce, kuma ga sabon shiga Linux Mint nake nunawa. A kan wata Linux ɗin mai suna Ubuntu aka gina ta, kan zubin da ke fitowa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, a kula da shi shekara biyar. Mint 22 za a ci gaba da kula da ita har 2029. Da RAM 2GB ma tana tashi, musamman zubin Xfce mara nauyi. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba ta yi maka katsalandan. Ba za ka kunna ta da safe, ɗalibi na tsaye a kanka, janareta na shan mai, ta ce sai ka jira ta gama sabunta kanta ba. Kai ke zaɓar lokacin. Tana kuma da Timeshift, wanda ke adana yanayin manhajar, in wani abu ya lalace ka mayar da ita yadda take jiya.

Wajen ɗorawa ma ba ta da wuya kamar yadda ake tsoratarwa. Ka sauke fayil ɗinta, wajen 3GB ne, ka zuba a filas da Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin. Za ta buɗe gaba ɗayanta ba tare da ta taɓa faifanka ba, abin da Windows ba ta ba ka. A nan za ka gwada wayarles, sauti, da firintarka. Kada ka raina wannan gwajin. Na taɓa ɗora wa wani ƙanena ita cikin gaggawa, muka gama lafiya, sai wayarles ya ce bai san zancen ba. Sai da muka jona wayarsa da kebul muka ari intanet, muka sauko da direban katin, wato 'yar manhajar da ke sa na'urar ta ji maganar kwamfuta. Minti goma ne ga wanda ya sani, wuni guda ga wanda bai sani ba. Firintocin HP da yawa tana gane su da kanta, amma kwafi-kwafin nan manya na shago, sai ka gwada ka gani da idonka.

To amma ga inda gizo ke saƙar. CorelDRAW ba ta da zubin Linux, haka Microsoft Word. Akwai Inkscape da LibreOffice a madadinsu, kyauta, kuma suna aiki. Sai dai ɗalibi zai kawo maka aikinsa mai shafi tamanin da aka tsara a Word, ka buɗe a LibreOffice, jadawali ya goce, babi na uku ya faro a tsakiyar shafi, lambobin shafuka su saɓa da na ƙumshiya. Malaminsa ba zai saurari bayanin Linux ba, kai ɗalibin zai dawo wa da fushinsa. Ga mai buga wasiƙa da shiga intanet wannan ba komai ba ne. Gare ka kuwa tuwonka ne.

Mac ba na musu, ta fi su zama lafiya, saboda kamfani ɗaya ke ƙera na'urar da manhajar, kuma babu batun ɗorawa, a ɗore take zuwa. Word da CorelDRAW duk suna da zubinta. Amma ba ta hawa HP ɗinka, kayan gyaranta da tsada, masu gyaranta kuma ba su kai na sauran yawa ba. Ka kuma yi hattara da masu araha a kasuwar 'yan hannu: tun 2020 Apple ta koma injinta na M1 da waɗanda suka biyo baya, ta kuma sanar cewa macOS 26 ce ta ƙarshe ga masu Intel. Kada ka gudu daga tsohuwa ɗaya ka faɗa hannun wata.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. In sa SSD da RAM a wannan makon, in bar Windows 10 a kanta saboda Word da CorelDRAW, amma in daina shiga banki da imel da ita, in kuma riƙa bincika filas ɗin kowane ɗalibi kafin in buɗe. Kuɗin MacBook ɗin in karkatar da shi ga wata ta hannu mai zubi na takwas ko sama, wadda Windows 11 ke hawa ta halas. Ka tanadi data da asusun Microsoft, domin tana neman su wajen ɗorawa. Ranar da ta iso, sai tsohuwar ta koma Mint, ta zama ta intanet da rajistar ɗalibai, za ta ƙara maka wasu shekaru.

Ko wacce za ka ɗora, ka fara kwashe fayilolinka zuwa wani faifan daban, domin kuskuren danna wuri ɗaya na share komai. Kuma kada ka fara sai batir ya cika, ko janareta na da mai, don in aka ɗauke wuta a tsakiyar ɗorawa, daga farko za ka sake.