Inji ya murƙushe yatsu: gashin ƙashi kaɗai ya isa?

Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce inji ya murƙushe maka yatsu uku a wata masana'anta a Ikeja, kana tambaya ko gashin ƙashi kaɗai ya wadatar. Bai wadatar ba. Je asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas ka nemi masu koya wa hannu komawa aiki. Za su sa ka ɓalle maɓallin riga, ka riƙe cokali, ka murɗa makulli, sannan su rubuta abin da hannun ke iyawa da abin da ya gagare shi. Wannan rahoton zai ƙarfafa neman diyyarka a NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010. Ka sanar da ubangidanka a rubuce cikin kwana 14 da faruwar hatsarin, kar a ruɗe ka da "za mu gani". Kowane rasit ka adana shi.