Amsa ga ƙanena kan "haɗa" a Turanci

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana shirin jarrabawar Turanci ta IELTS kafin ka taho Ingila karatu, kuma join, connect, link, attach da merge sun rikita ka, tunda duk "haɗa" ƙamus ɗinka ya kira su.

Ni ma sun taɓa kayar da ni. Satina na farko a Manchesta na tura wa malamina imel na ce "I have joined my CV". Da muka gamu ya yi murmushi, ya ce attach ake cewa. Attach shi ne ka maƙala ƙaramin abu a jikin babba, kamar hoton fasfo a jikin fom, in ka ga dama ka cire.

Kalmarmu ta "jona" ce ta yaudare ni. Daga join ɗin muka aro ta, sai muka ɗora mata aikin da ba nata ba. Mu muna jona waya a caji, Bature plug in yake yi. Muna jona wuta a gida, shi connect zai ce. Join ya fi zuwa a bakinsa kan mutane: shiga layi, shiga ƙungiya, ko abokai suna cin abinci su ce "join us", wato bismillah. Kafinta ma yana join ɗin katako biyu, ban musa ba.

Dabarata ita ce in tambayi kaina: bayan an haɗa, kowa yana nan da sunansa? Da aka tilasta mana haɗa NIN da layin waya, link aka ce, don lambar tana nan, layin yana nan, alaƙa kawai aka ƙulla. Amma a 2013 da ACN da CPC da ANPP suka narke suka zama APC, merge ke nan. Haka Diamond Bank ya shige cikin Access a 2019, yau ko allonsa ba ka gani. Amalgamate ɗin Lugard na 1914, da ya haɗe Arewa da Kudancin Najeriya, ɗan'uwan merge ne, sai dai kalmar rubutu ce, kada ka kai ta teburin mai shayi.

Connect kuwa akwai abin da ke bi ta tsakani: wuta, ruwa, intanet, ko kai kanka in ka sauka Addis Ababa daga Kano ka canza jirgi.

Wajen rubutu ka kula da 'yan rakiyarsu: attach to, connect to, merge with. In ƙungiya za ka shiga, join shi kaɗai yake tafiya: join the club.