Saƙonnin banza sun addabi shafin ƙungiyarmu, ya za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni nake kula da shafin intanet na ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu, da WordPress aka gina mana shi. Kwana biyun nan kullum in na tashi sai in tarar da saƙonni rututu ƙarƙashin sanarwarmu, wasu da Turanci wasu da rubutun Rasha, duk tallan caca ne da magunguna da link. Na goge na goge har na gaji, wasu mambobin ma cewa suke wani ne yake mana zagon ƙasa. Dan Allah a taimaka. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Da farko ka kwantar wa mambobinku hankali, ba wanda ya sa ku a gaba. Wata manhaja ce da ake kira bot, tana yawo a intanet dare da rana, duk inda ta ga akwatin rubutu sai ta cika ta tura, ba ta ma san sunan makarantarku ba. Abin da masu ita suke so shi ne link ɗinsu ya bazu ko Google zai ɗaga shafinsu sama, duk da cewa tun 2005 aka fito da alamar nofollow, wadda ke gaya wa Google kada ya ƙirga irin wannan link ɗin, don kashe wannan ribar, amma tunda turawar ba ta cin musu ko sisi ba su daina ba.

Gogewa da hannu kam ɓata lokaci ne, haka ma toshe lambar IP, wato adireshin intanet ɗin da saƙon ya fito, ka toshe ɗaya yau gobe su dawo da wata.

Ka shiga Settings a cikin WordPress ɗinku, ka danna Discussion, anan rabin maganin yake kuma kyauta ne. Akwai wajen da za ka ce sai wanda aka taɓa amincewa da saƙonsa ne nasa zai fito kai tsaye, kunna shi. Ƙasa kaɗan za ka ga ana riƙe duk saƙon da yake da link 2 ko fiye, ni ina mayar da shi 1, domin dattijon da ya zo yin ta'aziyya ko tambayar ranar taro me zai haɗa shi da link? Sannan ka sa a rufe rubutu a tsofaffin sanarwa bayan kwana 14 ko 30, za ka lura yawancin shirmen a kan sanarwar bara da bara waccan yake sauka, inda ba mai leƙawa.

Bayan nan sai manhajar tace saƙonni. Akismet yana zuwa tare da WordPress, na kamfanin Automattic ne, sai dai yana buƙatar ka yi rajista ka karɓi mabuɗi, kuma in shafin yana da talla ko kasuwanci to na kuɗi ne. Antispam Bee kuma kyauta ne ba rajista. Ɗaya daga cikin dabarun irin waɗannan shi ne tarko, wato a ɓoye wani gurbi a fom ɗin wanda idon mutum ba ya gani, ita kuwa bot komai ta samu cikawa take, tana cika shi ta tona kanta.

Abin da ba na so ka yi gaggawarsa shi ne reCAPTCHA mai hotuna, gwajin nan da ake sa mutum ya zaɓi hotuna don a tabbatar ba bot ba ne. Na taɓa zama kusa da wani kawuna yana ta neman fitilar hanya a hotuna tara a ƙaramar wayarsa, sabis yana ɗaukewa, hotunan suna sake lodi, a karo na uku ya ajiye wayar ya ce a bar shi. Wallahi irinsa ne mutanen da kuka gina shafin dominsu. In har abin ya ci tura sai an sa mai gadi, gwada Turnstile na Cloudflare, yawanci ba ya tambayar mutum komai.

Makon farko ka riƙa leƙa akwatin Spam kullum, domin saƙon Hausa na gaskiya yakan faɗa ciki bisa kuskure, in ka gani ka danna Not Spam ya dawo.